Motar da Ke Dawo da Mutum

Ranar da Souley ya fara ganin Rafi'atu, tana durƙushe a kicin ɗin wata tsohuwa 'yar ƙasar Ailan a unguwar Woodlawn, tana goge kunun masara da tsohuwar ta watsar, ya fantsama har jikin firiji. Babu kuka, babu fushi. Gogewa kawai take yi.

Shi mutumin Maraɗi ne, direban motar ɗaukar tsofaffi, fara, mai wani ƙarfe a baya da ke ɗaga keken guragu a hankali kamar ana miƙa tire. Ya zo ne ya kai tsohuwar, Misis Biraidi, wurin likita. Sai ya ji budurwar da ke jinyarta tana cewa da kanta, "Ba komai."

"Akwai komai mana," in ji shi. "Kunu mai kyau haka a ƙasa."

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

A cikin mota tsohuwar ta ba da haƙuri da Turanci, ta kuma faɗi dalili. A ƙasarsu, a gundumar Mayo, an taɓa gina gidajen talakawa na dutse, masu suna wokhaus. Masu ƙasa da manyan gari ne ke zama su yanke wanda za a karɓa. A lokacin babbar yunwa kakar kakarta ta je ƙofar da mijinta da jaririya. Dokar wurin ita ce iyali su shiga gaba ɗaya, amma a bakin ƙofa ake raba su, miji gefe guda, mata gefe guda. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ba ta sake ganinsa ba. Abincin gidan faten masara ne rawaya. Tun daga nan babu wanda ya sake kai masara baki a zuriyarsu.

"Ni ban taɓa ganin gidan ba," in ji ta. "Amma bakina ya san shi."

Souley ya duba madubi. Rafi'atu na kallon titi kamar ba a yi magana ba.

Haka take tun rasuwar mahaifiyarta, da shanyewar ɓarin jikin mahaifinta, Malam Jibrin, wanda ya taso da su daga zangon Kumasi. Da safe ta wanke tsoho ɗaya a gidansu da ke unguwar Tremont, da rana ta wanke wata a Woodlawn, da yamma ta koma wa na farko. Zuciyarta ta zama kamar hannun da ya daɗe cikin ruwan sanyi.

Tsohuwar ce ta ba Souley lambarta, ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Mai Kunu, ina wuni. Souley na, direba. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Na ga ayaba guda cikin jakarki."

"Kai ɗan sanda ne?"

"A'a. Mutum na da bai son ganin ayaba ita kaɗai."

Ba ta yi dariya ba, amma ta karanta saƙon har sau biyu. Bayan wasu watanni ya rubuto mata:

"Mai Kunu, ba ni da gida babba, ba ni da magana mai daɗi. Amma in kin yarda ina son in ga Baba."

"Ban san ko ina jin abin da ake ji ba, Direba," ta amsa. "Amma ka zo."

Ya zo ranar Juma'a da yamma, da goro da lemo, da sabuwar shadda. Kuskurensa ɗaya ne. Daga aiki ya taso, don haka a farar motar ya zo, ya ajiye ta daidai ƙarƙashin tagar Malam Jibrin.

Tsohon yana zaune a tagar kullum. Daga nan ne ya taɓa ganin irin wannan mota ta ɗaga amininsa Kwasi sama, ta haɗiye shi, ta kai shi gidan ajiye tsofaffi. Kwasi bai dawo ba.

"Rafi'a," ya kira da karkataccen bakinsa. "Kin kira su?"

"Baaba, baƙon nan ne da na faɗa maka."

"To. Aure ke nan, a kwashe tsoho a share ɗaki. Mai motar nan ba ya taka ɗakina, koraa, ko kaɗan. Ga Abdul-Karim yana neman ki, ɗan mutunci, mai kanti a unguwar Jamaica. Shi na sani."

Abin da bai sani ba, Abdul-Karim ne ya riga ya ce da Rafi'atu akwai wani gidan tsofaffi mai tsabta a unguwar Queens, su riƙa kai ziyara ran Lahadi. Ba ta faɗa wa mahaifinta ba. Ta sauka ta karɓi goron a bakin ƙofa.

"Ka yi haƙuri. Kada ka sake zuwa."

"In zo a ƙasa? In zo a jirgi?"

"Ba motar ba ce kaɗai. Tsoro ne ke cin Baba, kuma ba zan bar shi da shi ba."

Ta hau sama, ta dafa tuwo, ta ba tsohon a baki. Ta jira ta ji ciwo, ba ta ji ba.

Misis Biraidi ce ta gane, don Rafi'atu ta taje mata kai har sau biyu a safiya ɗaya. Da ta ji labarin sai ta ce a kira mata motar. Ba wurin likita za ta ba.

Malam Jibrin yana taga ya ga farar motar ta tsaya. Ya riƙe hannun kujera. Ƙarfen ya sauko, amma maimakon ya ɗauki wani, sai ya sauke wata Baturiya ƙarama mai jar hula.

Aka ajiye kekenta kusa da kujerarsa, Rafi'atu na yi musu tafinta inda Turancinsa ya gaza. Ta ba shi labarin ƙofar Mayo, da bangon, da masarar.

"Ni ma ina kallon taga, Mista Jibrin. Duk wanda ya buga ƙofa, sai in ce sun zo. Yaron nan ya sha ɗaukata. Kullum sai ya dawo da ni, har ya saka mini silifa."

Tsohon ya saki hannun kujera.

"Masara ba ta da laifi," ya ce.

"Mota ma haka," in ji ta.

Ya sa aka kira Souley daga bakin matakala. Saurayin ya durƙusa.

"Kai yaro, ka san inda aka aje Kwasi?"

"Na sani, Baba."

"Ka kai ni in gan shi. In ka dawo da ni, mu yi magana."

Washegari ƙarfen ya ɗaga Malam Jibrin sama, idanunsa a rufe, leɓɓansa na motsi. Bai yarda 'yarsa ta bi su ba. Rafi'atu ta zauna a kujerarsa, a tagarsa, karo na farko. Daga nan ta ga titin yadda yake ganinsa: motoci na wucewa, babu mai tsayawa. Azahar ta yi. La'asar ta yi. Ta tsinci kanta tana ƙirga motocin, ta yi mamaki.

Wayarta ta yi ƙara.

"Mai Kunu, kada ki damu. Baba da Kwasi sun kama dara, sun ƙi tashi. Baba ya ce in gaya miki Kwasi har yanzu ɓarawon wasa na."

Sai ga kuka ya zo mata, mai ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izar uwarta. Tana cikinsa farar motar ta tsaya, ƙarfen ya sauko da tsohon yana faɗa da Souley a kan hanyar da ya biyo.

An ɗaura auren a wani ƙaramin masallaci a Tremont, da sharaɗi guda: ango ne zai tare gidan amarya. Abokansa 'yan Maraɗi suka yi ta tsokanarsa, wai a kawo lalle a sa wa Souley. Malam Jibrin ya dafa kan ango da amarya da hannunsa mai lafiya.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah kada Ya sa bango tsakaninku."

Aka ce amin.

A wurin walima Rafi'atu ta dafa wa Misis Biraidi dankali daban. Tsohuwar ta ture shi, ta nuna kwanon Malam Jibrin. Tuwon masara ne da miyar ayoyo. Ta gutsura kaɗan da yatsu, ta riƙe shi a baki, kowa na kallonta.

"Yaya, Hajiya?" in ji Malam Jibrin.

Ta haɗiye.

"Da ɗan gishiri," in ji ta, ta sake miƙa hannu.