Allurar Kunne

Zif ɗin rigar ya tsaya a tsakiyar baya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Kumatu ta riƙe numfashi har idonta ya kawo ruwa, Auta ƙanwar mijinta tana ja tana dariya.

"Anti, sai dai a kira makaniki! Rigar nan ta yi ritaya."

Shuɗiyar riga ce da mijinta ya saya mata kafin ya tafi aikin jirgin ruwa, inda yake gyaran inji. Ya ce ranar da zai dawo a cikinta yake so ta tarye shi. Lokacin cikinta bai fito ba. Yanzu yaron har ya fara zama, uban bai taɓa ɗaukarsa ba. Shi ne ya sa mata Kumatu, sunan ya bi ta a gidan.

Inna, surukarta, ta leƙo daga bakin ƙofa. "Mace ta zauna tana ci kamar an aiko ta. In ya dawo ya ce ina matarsa, ku nuna masa wa?"

Kumatu ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa mayar wa Inna magana ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Da Inna ta wuce, Auta ta matso. "Anti, akwai wata mata a saman kemis ɗin bakin titi, allurar kunne take yi ta rage ƙiba. Ba dayet, ba jim. Ki yi wa Yaya safrayis!"

"Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Na rantse."

Ɗakin matar ƙarami ne, gado ɗaya, sikeli a gefe, da hoton kunne manne a bango. Kumatu ta tambaye ta ko abin yana aiki.

"Gaskiya zan faɗa miki, 'yar uwa. Allura ba ta narkar da kitse. Wasu sukan ce kwaɗayi ya ragu musu, wasu ba sa ganin komai. In ba ki gyara cinki kin motsa jiki ba, kada ki zarge ni."

Kumatu ta ji abin da take son ji, ta bar sauran. Aka soka mata 'yan ƙananan allurai a kunnuwa biyu, aka rufe da filasta, aka ce ta danna duk sanda yunwa ta taso, ta kuma riƙa dawowa ana canja su. Ta ja ɗankwali ta rufe.

Abin da ba ta yi tunani ba shi ne waya. Mijin ba ya samun sabis sai jirgi ya kusanci gaɓa, kuma in ya samu, da hira suke cinye lokacin duka. Yanzu da ta ɗora wayar a kunne sai zafi ya soke ta har wuya. Ba dama ta sa sifika, bango ɗaya ne tsakaninta da Inna, kuma hirar miji da mata ba ta kunnen suruka ba ce.

"Kumatu, ba na jinki sosai. Kin yi nisa da wayar ne?"

"Yaro ne yake kuka. Sai anjima."

Ta kashe, ta zauna tana kallon wayar, yaron kuwa barcinsa yake. Ta danna kunnen. Ta lura tana yawan dannawa, alhali ba yunwa take ji ba. Muryarsa take nema.

Inna ta ga fitar Kumatu ta yi yawa, ta tsare Auta a kicin. "Ina take zuwa?"

"Allura take zuwa, Inna."

"Allurar me? Ba ta da lafiya ne?"

Auta ta tuna rantsuwarta, ta daburce. "Lafiyarta lau. Irin ta mata ce kawai."

Inna ta ajiye ludayi. Allura ta mata, a ɓoye, ga mace mai lafiya, guda ɗaya ta sani: ta hana ɗaukar ciki. To me matar da mijinta yake bayan teku za ta yi da ita? Ba ta tambayi surukar ba. Ɗanta ta faɗa wa.

Daga nan waya ta yi shiru. Kumatu ta kira, ba a ɗauka. Inna ta daina amsa gaisuwarta sai da hanci. Kumatu ba ta san laifinta ba, ba ta kuma kai ƙara gidansu ba. Ta ci gaba da shara da girki da gaisuwa, tana rungume rigarsa ta aiki da ya bari a ƙusa, mai sauran warin man inji. Abinci ya fita ranta. Duk da haka zif ɗin bai hau ba.

Mijin ya dawo ba sanarwa. Ta fito da gudu da rigar girki a jikinta, ta ga fuskarsa, ta tsaya cak. Ya ɗauki yaron ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce su shiga ɗakin Inna.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," ya ce. "Allurar me kike zuwa?"

Kumatu ta kalle shi, ta kalli Inna, sai yanzu ta gane zarginta ake yi. Ta kwance ɗankwalin. Ga filasta jere a kunnuwa biyu, fatar ta yi ja.

Auta ta fashe da kuka. "Yaya, ta rage ƙiba ce! Ni na kai ta! Rigar ce ta ƙi shiga!"

"Shi ya sa kike kashe mini waya?"

"Zafi take mini," ta ce da ƙyar. "Na ji tsoro ka dawo ka ga ba ni ba ce."

Ya durƙusa gabanta, ya manta uwarsa na wurin. "Ni da na sa miki Kumatu? A cikin ƙarar inji ba siririyar mace nake tunawa ba. Wannan fuskar ce. Ki yafe mini, na yi shiru inda ya kamata in tambaya."

Inna ta juya musu baya tana share ido da gefen zane. Can ta ce, "Auta, kawo mini rigar." Ta zaro allurarta ta ɗinki daga gwangwani, ta farke gefen, ta buɗa shi, ta ɗinke. Ta miƙa wa surukarta da hannu biyu. "Tun farko wannan allurar ya kamata a nema. Bakina ne ya jawo, 'yata."

Zif ɗin ya hau har wuya.

Washegari ya raka ta aka cire alluran. Suka koma gida a ƙafa, kuma tafiyar yamma ta zame musu jiki har hutunsa ya ƙare. Da ya koma jirgi ya kira, ta manna wayar a kunne har caji ya mutu.

Ku 'yan mata, ku ji da kyau. Allura ba ta maganin kewa, ƙiba ma sai an haɗa da wahalar kai. Kada ku ɓoye wa miji abin da kuke yi da jikinku. Ku kuma manya, in kun ji rabin magana, ku tambayi mai ita kafin ku kai ta gaba. Yarinyar nan haƙurinta ne ya riƙe mata aurenta.