Faifan da Ya Rufe Tuwo

Ruwan sama ne ya koro Hanifa cikin shagon tsofaffin faya-fayan garmaho da ke Elm Street a Amurka, ba son kiɗa ba. Amma tana shiga ta tsaya cak. Jita na gurnani irin na fank, gangunan konga na mutanen Kuba suna zuba, sai ga wata murya ƙasa-ƙasa tana jero baitoci. Da Hausa!

"Ikon Allah! Hausa a cikin jaz?" ta faɗa a fili.

Wani dogo da ke jingine da kanta ya juyo yana dariya. "Laifina ne, ranki ya daɗe. Muryata ce, gwajin abin da muka ɗauka muke yi. Sunana Muzammil."

Malamin lissafi ne a sakandare, ranar Asabar kuma ya haɗu da abokansa makaɗa, su yi kiɗa shi yana karanta waƙoƙin da ya rubuta. Ruwa ya ɗauke tuni, Hanifa ba ta ma sani ba.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai-komo.

"Tauraruwata, yau na rubuta baiti da sunanki. Mai konga ya ce sunan da kansa kiɗa ne."

"Kai dai ka iya daɗin baki, Malamina. Ka ci abinci?"

To, ina aka samu matsala? Wajen Alhaji Husaini, mahaifinta. Yana jin kalmar kiɗa ya ɗaure fuska.

"Mu a gidanmu ba ma ba makaɗi 'ya. Yau kiɗa, gobe roƙo."

"Baba, malami ne fa."

"Na gama magana."

Hanifa ta yi kuka har ta gode Allah, don ta san in Baba bai yarda ba, shi ke nan an rabu. Da ƙyar ta samu ya amince zai saurari waƙoƙin da kunnensa ranar Lahadi, kafin ya rufe zancen.

Da safiyar ranar Muzammil ya biyo gidansu a McLeansville da faifan farko da aka buga musu, ƙwaya ɗaya tal. Hanifa ta fita aron garmaho, sai kakarta Inna Fassouma, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ta buɗe ƙofa.

"Inna, ga faifai na kawo. Zan dawo bayan azahar."

Wayyo, daɗi ya kashe tsohuwa! Tun zuwanta take cigiyar faifan rufe abinci, ba ta samu ba. Ta zare shi daga kwali, ta jujjuya.

"Oh, Amurka! Faifan ma na roba ne, har da ƙofar fitar tururi."

Ta kwashe tuwo da zafinsa, ta kifa masa.

Da aka hallara a falo, Hanifa ta ɗaga faifan daga kan kwano, ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Hawaye ya cika mata ido. Alhaji kuwa ya zuba wa saurayin ido yana jiran ya ga abin da zai yi.

Muzammil ya dubi faifan. Ya ji zafi, ba ƙarya. Sai ya ga Inna ta fara rarraba ido, ta gane ta yi ɓarna. Nan take ya durƙusa gabanta.

"Inna, ke ce da gaskiya. Naku ne faifan asali, namu aron suna ya yi. Tuwon dai bai huce ba ko?"

"Ja'iri!" in ji tsohuwa, tana dariya tana share ido. "In ita ba a ba ka ba, ni ina so."

Alhaji ya gyara zama. "Ɗora shi haka nan mu ji."

Aka ɗora. Konga ta taso tana tangaɗi, muryar Muzammil na hawa da sauka, yana waƙar kewar gida da ta mahaifiyarsa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana saurare. Can allura ta iso inda tururi ya fi cin faifan, ta maƙale.

"Hanifa... Hanifa... Hanifa... Hanifa..."

Kunya ta kama Muzammil kamar ya nutse. Hanifa ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki. Faifai kuwa bai fasa kiranta ba.

"To, mun ji! Mun ji!" Alhaji ya ɗaga hannu, dariya ta ƙwace masa. "Kashe abin nan, ka je ka turo manyanka."

Da bazara aka ɗaura aure. A cikin kayan amarya har da faya-fayan kaba masu launi da Inna ta sa aka saƙo daga Maraɗi. Shi kuwa lanƙwasasshen, Hanifa ta rataye shi a falonta, ta hana kowa taɓawa.

Ranar kai amarya Alhaji ya dafa kawunansu.

"Yadda ka rufa wa mahaifiyata asiri a gabana, Allah ya rufa muku naku. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Inna. "Amma ni fa har gobe tuwo bai taɓa yi mini daɗi kamar na ranar ba."