Garwar Rumfar Fatu

Ƙawata, matso kusa in ba ki labarin 'yata. Ba zan kama sunanta ba, kin san 'yar fari ce.

A shekarar da muka samu 'yancin kai, muna zaune a Guna, ita tana zuwa lekol, wato makarantar boko. A bakin hanya akwai rumfar fatu. Can ake tsoma fatu cikin ruwan guba don kada ƙwari su ci, sannan a kai su Damagaram.

Wata rana ta tsinci garwa a bayan rumfar. An zana ƙoƙon kan mutum a jikinta. Ta ga zanen, amma kyan garwar ya rinjaye ta.

Ta ce a ranta, "Baba zai yi ban-ruwa da ita a lambu."

Ta kai ta korama. Ta juye farar lakar da ke ciki a gaɓa, ta dirje garwar da yashi kamar tukunya.

Da safe sai ga kifaye a saman ruwa, ciki sama. Jama'a suka taru. Suka ce Idirisu ne, mai rini, don ramukansa na kusa.

Idirisu ya ce, "Haba jama'a! Shekara talatin ina rini. Kifi bai taɓa ko tari ba."

Wani ya ce, "Ka kwashe ramukanka ka bar mana gari!"

'Yata ta dawo gida, ta ƙi shan fura.

Na ce, "Ke, lafiya?"

Ta ce, "Inna, in mutum bai yi da gangan ba, dole ne ya faɗa?"

Na ce, "Allah ya riga ya sani. Saura mutanen da za su sha ruwan, da wanda za a kora."

Ta fashe da kuka, ta jawo garwar daga bayan rumbu. Ubanta ya kama hannunta har gaban mai gari. Ta nuna inda ta juye lakar.

Aka kira malamin dabbobi daga Damagaram. Ya ce, "Da ba ta nuna wurin ba, da kun daɗe kuna shan guba."

Maza suka datse ruwa, suka yanka masa sabuwar hanya. Suka kankare ƙasar gaɓar, suka kai ta rami mai zurfi kan tudu, nesa da rijiyoyi. Aka binne ta tare da garwar, aka kewaye da ƙaya. Masu rumfar ma suka daina jefar da garwa.

Ita kuwa aikinta gadi. Kullum bayan lekol tana korar awaki daga wurin. Idirisu yakan wuce ya ce, "Sannu da aiki, sarkin ruwa!" Ya miƙa mata dabino.

Da damina ta sauka, ta shigo da gudu. "Inna, kwaɗi sun dawo! Zo ki ji!"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ruwa amana ne. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa. In ka yi kuskure, ka faɗa da wuri.

To ƙawata, darasin ki kai wa yaranki. Amma cewa 'yata ce, wannan ya tsaya tsakaninmu. Har yau in ta ga garwa sai ta sunkuyar da kai.