Kunnuwan Gidan Alhaji Ɗangiwa

Ranar kasuwar Kebbe Mu'minatu ta fara ganinsa, zaune a rumfar mai shayi da takarda a cinya, duk wanda ya gitta sai ya bi shi da ido. Ita kuwa ba ta yarda da namiji mai yawan kallo ba. Ta je ta tsaya a kansa da ledar cefanenta.

"Malam, mi kaka rubutawa a kanmu?"

"Zane nika yi. Sunana Gazali, daga Tambuwal."

Ashe shi ne mai zanen barkwancin nan da ake ta turawa a waya, wanda har a Abuja aka rataya aikinsa manya suna tsayawa kallo.

Soyayya dai ta ƙullu, amma hankalinta bai kwanta ba. Ya zana mahauci, ya zana ɗan kabu-kabu a kan babur ɗinsa, ƙawarta Sharifa kuwa ya zana ta ya fi a ƙirga. Ita ko ƙeyarta bai taɓa zanawa ba. Abin ya ci ta har ta kasa haƙuri, ta tura masa saƙo:

"In Sharifa kaka so, ka fito fili. Hannunka ya san fuskarta fiye da tawa."

Nan take ya amsa: "Haba sanyin idona! Aikina in nemo abin da ya yi yawa a fuska in ƙara mishi. Sharifa haƙora gare ta, ita ma dariya taka yi. Ke na duba na rasa inda zan ja."

Ta yi murmushi, ta kuma ce a ranta ƙila daɗin baki ne.

Mahaifinta Alhaji Ɗangiwa, dillalin shanu, ya fi ta zargi. A ganinsa mai mayar da mutane abin dariya ba ya ganin girman kowa. Ya sa aka kira Gazali zaure.

"Zana ni nan gabana, yadda kaka yi wa mutane bayan idonsu."

Mu'minatu tana laɓe a bayan ƙofa tana saurare. In ya ƙawata shi, Baba zai ce munafuki ne. In ya ja manyan kunnuwan nan na Baba, aure ya sha ruwa.

Gazali ya yi bismilla, ya ja su kuwa, faka-faka kamar faifai. Ya zurfafa kumatu, ya ƙara wa goshi layuka.

Alhaji ya karɓa, ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce a kira masa yayarsa Goggo. Tana ɗora ido a kan takardar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wanga ai Babanmu ne! Ina kunka samo shi?"

Tsohon nasu ya rasu tun suna ƙanana, ko hoto ɗaya bai bari ba. Alhaji ya share ido da bakin rawaninsa, ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba.

"Yaro, ka turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da za a kai amarya Tambuwal, Goggo ta riƙe hannayensu biyu tana hawaye.

"Allah shi ba ku zaman lafiya da ɗiya masu albarka, yadda kunka maido muna da ubanmu gida."