Na Ɗauke Shi Yana Gudu

"Ki nutsu ki ɗauke shi da kyau," in ji 'yar koci, tana gyara zaman tabarau a fuskarta. "Wannan hoton za mu sa a katin aurenmu."

Ban juyo ba. Idona na manne da kyamara, amma filin tseren gaba ɗaya ya koma mini dishi-dishi.

Aurenmu...

Can a layin farawa Barewa yana miƙe ƙafafu. Sunan da 'yan tsere suka laƙaba masa ke nan. Ni kuwa "Nawa" nake ce masa.

Kyamarar ta Baba ce, tsohuwa mai fim, irin wadda ke saita gani da kanta in an danna maɓallin rabi. Bayan rasuwarsa ni da Yayana muka ci gaba da riƙe shagon hoto. Ɗaukar mutum a zaune ba ya ba ni wahala, mai motsi ne ya gagare ni. Ranar da na fara zuwa filin, shingen waya ne ya fito tar a duk hotunan, masu gudun kuwa kamar hayaƙi. Barewa ya zo shago neman nasa, ya duba, ya tambaye ni ko shingen ne ya zo na ɗaya.

Kunya ta kama ni, shi ko ya yi ta dariya. Sannan ya ce in dawo bayan atisaye, zai yi ta yi mini gudu har sai na iya.

Haka aka yi. Abokansa su watse, shi ya tsaya a gajiye yana wucewa ta gabana. A kansa na koyi ɗora ɗan akwatin tsakiyar gilashi a ƙirjinsa, in danna rabi, in ji injin yana kuka yana bin sa, in juya da ƙugu ba da hannu ba. In ya nufo ni kai tsaye tsohuwar ba ta cim masa, sai in saita a kan layi in jira ya shigo.

"Ke kaɗai kika taɓa kama ni, Idona," ya ce ranar da fuskarsa ta fara fitowa sarai.

Yaya bai taɓa son sa ba. Ya ce gudu ba sana'a ba ce, ƙafa ɗaya ta goce shi ke nan. Barewa ya zo gaishe shi, Yaya ya bar shi tsaye bakin kanta, ya ci gaba da goge gilashi. Na yi kuka, na daina yi wa Yaya magana, ya ce in na gaji zan sauko.

A lokacin ne 'yar koci ta fara zuwa shago, tana yabon hotunana, tana kira na ƙawa. Ta ce wata babbar ƙungiya na neman 'yan tsere, in ba ta mafi kyawun hotunansa babanta ya aika. Da hannuna na zaɓa mata. Ƙungiyar ta ce tana son sa, in dai koci ya sake shi. Koci ya yi ta jan ƙafa, ita ce ke shiga tsakani, ita ce ke kawo masa labari. Zuwansa wurina ya ragu. In na tambaya ya ce atisaye ne ya yi yawa.

Ashe an gama maganar aurensu, ni ce ban sani ba.

Bindigar farawa ta tashi.

Na yi niyyar in bar kyamarar ta kama shinge, wa zai ce da gangan ne? Amma da ya karyo kwanar ƙarshe, hannuna ya yi abin da ya saba. Na saita a kan layi, na jira, na danna.

Da kansa ya zo karɓa. Ya tsaya bakin kanta yana cewa ya so ya faɗa mini tuntuni, dama sau ɗaya take zuwa, koci ya yi masa halaccin da ba zai iya butulcewa ba. Na bar shi ya gama, na tura masa ambulan.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ƙafafunsa biyu a sama, har gumin goshinsa ya fito.

"Ba wanda zai sake ɗauka ta haka, Idona."

"Haka ne," na ce. "Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Yana fita wata mata ta shigo da jaririnta, tana son hoton fasfo. Na kai hannu ga kyamara, sai Yaya ya riƙe ta. Na jira ya ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba.

"Je ki ɗakin wankin hoto, ƙanwata," ya ce a hankali. "Akwai fim a ciki, ba wanda zai buɗe miki ƙofa."

Babu wani fim a ciki, mu duka mun sani. Na shiga na rufe.