Rariyar Madina

A kasuwar Kalgo Siddiƙu ya fara ganin Madina, sati biyu da dawowarsa Gwandu daga Kaduna, inda ya yi shekara huɗu yana koyon kanikanci. Rariya take tayi. Ya tsaya kallonta har mai jaki ya ture shi.

"Malam, ido ba ya sayen kaya," ta ce, tana dariya cikin mayafi.

Wata uku yana zuwa zance. Tana ce masa Injiniyana, yana ce mata Ɗiyar Alhaji. Amma mahaifinta, Alhaji Ɗahiru, bai yarda ba.

"Yaron ga ya bar kunyatai Kaduna," in ji shi. "Baki gare shi. Ga motata nan kwance tun damina. Shi tashe ta, mu ga."

Bosuwaja ce, mai inji a baya, wadda ba a zuba wa ruwa. In an tayar da ita sai baƙin hayaƙi, da an taka totur ta mutu. Siddiƙu ya saurara sau ɗaya, ya ce a gaban dattawa, "Kafireta ce. Kafin azahar na gama."

Azahar uku ta wuce. Ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya goge fulogi, ya mayar. Hayaƙi bai fasa ba. Da ya sake kwancewa, ɗan noti mai huda, wanda mai ke bi ta ciki, ya suɓuce ya shige yashi. Ya durƙusa yana tona ƙasa da yatsu a ƙofar surukinsa. Dattawa suka kau da kai. Da dariya suka yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya dawo don ya ce ya kasa. Aka aiko masa da fura daga cikin gida. A kan faifan da aka rufe furar da shi akwai notin, an naɗe shi a takarda mai rubutu.

"Injiniyana, na tankaɗe yashin ƙofar gida da rariyata, ga abinka. Ni ban san inji ba. Amma duk damina ina ganin zanzaro yana shiga bututun iska da laka a baki. Ka leƙa. Kada ka gaya wa kowa. Taka, Madina."

Ya leƙa. Ɗakin zanzaro ya toshe hanyar iska, mai ya yi wa inji yawa. Da tsinke ya fasa shi. Mota ta tashi lafiya lau.

"Ashe bokon na da amfani," Alhaji ya ce. Dattawa suka shiga sa albarka.

Siddiƙu ya cire hula, kansa a ƙasa. "Baba, ba ni ba ne. Madina ce ta gano. Ni kwana uku na yi ina ɓarna."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Na sani. Da idona na gan ta tana tankaɗen ƙasa da hantsi. Jira nike in ji mi za ka ce." Ya juya ga dattawa. "Ku shaida, na ba shi."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Bosuwajar ce ta kai amarya Gwandu, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

"Na ce kada ka faɗa," Madina ta ce masa.

"Kin ce. Yau ma in mota ta ƙi, ke zan fara tambaya."

Ta rufe fuska. Allah ya ba su zaman lafiya. Rariyar tana rataye a garejinsa har yau, kusa da takardar shaidarsa ta Kaduna.