Ban Ga Gudun Hambali Ba

"In kika taka soron nan, ni da ke ne."

Zaituna ta tsaya cak da hijabinta a hannu. Gwaggo na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gwaggo, tun la'asar fa yake tsaye..."

"Ya kwana a tsaye. Mutumin da ya dubi ɗan gidan nan ya ce bai isa ba, shi ne zai zo neman 'yar gidan? Kayan sa ranarsa ma gobe zan sa a mayar musu."

Gwaggo yayar Baba ce. Ita ta riƙe Zaituna da ƙanenta Hambali tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma in ta faɗi magana ba ta cika janyewa ba. Amma Zaituna ta gaji. Ta gaji da kukan ɓoye, ta gaji da kallon da ake binta da shi a rijiya, ta gaji da shirun Baba. Ta zura hijabin ta wuce.

Taufiq na jingine da babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya rame ya yi duhu, idanunsa ja kamar wanda ya wuni a gaban murhu.

Aikin nasa ne ya jawo duk wannan. Akwai wata makarantar ƙwallo a Kano da ke ba yara horo da karatu kyauta, ita ta ɗauke shi yana zaga ƙauyuka yana duba mata 'yan wasa. Bana da aka shirya gasa tsakanin mazaɓun Gwarzo da Kabo, aka ce ya kawo yara biyu. Duk garin nasu na Mainika an gama yanke hukunci cewa ɗaya Hambali ne. To wa kuma? Yaron da in ya ɗauki ƙwallo a lamba bakwai sai dai a bi ƙeyarsa da kallo, ga shi kuma ƙanen wadda mai zaɓen zai aura. Sai Taufiq ya ambaci Tasi'u, wani ɗan Garo, ya ce na biyun bai gan shi ba tukuna.

Wato ya gwammace gurbin ya zauna a wofi. Wannan ce ta fi yi wa mutanen gidan ciwo.

"Ina wuni," ta ce, idonta a ƙasa.

"Lafiya lau, Zaitunata. Ya gida? Ya su Baba?"

"Kada ka ƙara ce mini Zaitunata."

Ba ta jira amsarsa ba ta ɗora:

"Saboda Sa'ada ne?"

"Wace Sa'adar?"

"Yayar Tasi'u mana. Ko za ka ce ba ka sha furarta a Garo ba? A gidan suna a Gwarzo ta tsaya a tsakiyar mata tana cewa ai ka san gidan da za ka haɗa iri da su, shi ya sa ka fara da ƙaninta. Har 'yar aike ta turo wa Gwaggo da labarin, wai don kada mu ji a bakin duniya."

"Furar nan 'yan wasa na ba wa suka shanye. Ko kwanon ban taɓa ba."

"To me Hambali ya yi maka?"

"Babu."

"Bai iya ba ne?"

"Ban sani ba."

Ta ɗago ta dube shi. "Ba ka sani ba? Duk wasannin da ya buga kana filin fa, Yaya Taufiq. Jama'a na ihun sunansa, kai ma kana ji."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya dubi tayar babur ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Ban ga gudun Hambali ba, Zaituna. Wallahi ban gani ba."

"Makancewa ka yi?"

"Ki saurare ni. Cin ƙwallo kowa na gani daga nesa, ba shi aka aiko ni kallo ba. Ni takun farko nake dubawa, yadda yaro ke tashi daga tsaye. Ina idonsa yake kafin ƙwallo ta iso shi. In an kwashe masa ƙafa ya faɗi, yaya yake miƙewa. In ya yi gudu ya ɓarar, komowa baya yake ya taimaka ko tsayawa yake riƙe da ƙugu. Har numfashinsa sai na ji. Wannan kuwa sai na tsuguna a bakin layi, daf da gefen da yake wasa."

"To wa ya hana ka tsugunawa?"

"Baba."

"Babanmu?"

"A nan ake kafa masa kujera, shi da abokansa. In aka dawo daga hutun rabin lokaci aka sauya gefe, sai in ce alhamdulillahi, in ruga can. Kafin in isa an ɗauko kujerar an biyo Hambali. Ina sanye da gajeren wando, Zaituna. In je in tsuguna a gaban surukina in juya masa baya? In gifta shi da takalmi a ƙafata? Sai in koma bayan raga in laɓe cikin jama'a. Daga can ma in na ɗaga kai wajen lamba bakwai sai mu haɗa ido, don shi Baba ba ƙwallo yake kallo ba. Ni yake kallo, ya ga ko ina ganin ɗansa. Sai in sunkuyar da kai. Kafin in ɗago an ci, ana ta ihu."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta fitowa. Ta toshe baki da gefen hijabi.

"Yanzu a kan wannan aurenmu zai mutu? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In aika a ce wa Baba ya daina zuwa kallon ɗansa?"

"To ka ɗauke shi mana a kan abin da mutane suka gani. Don Allah, masoyina... ka ɗauke shi mu huta. Na gaji."

"Ni ma a kan abin da mutane suka gani aka ɗauke ni," ya ce. "Ban cika shekara ba aka sallamo ni da jakata. Makarantar da na bari ba ta karɓe ni ba, gona kuma na kasa komawa don kunya. Ba zan yi wa ƙanenki haka ba. Ina sonki, Allah ne shaida, amma ba zan kai yaron da ban gani ba."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya kau da kai. Ta san amsar, ta kuma ji haushin kanta da ya ƙara shiga ranta a daidai lokacin.

"Saura wasan ƙarshe," ya ce. "Ranar Asabar, ku da Garo, a filin firamarenku. Daga shi zan koma Kano, da yaro biyu ko da ɗaya."

Ta juya ta shige gida ba sallama.

Ta ina za ta fara? 'Ya ba ta zama gaban mahaifinta ta yi masa zancen saurayi. Sai ta durƙusa gaban Gwaggo, ta ɗebi gyaɗa tana taya ta ɓara, ta zayyana mata komai cikin raɗa.

Gwaggo kuwa ba ta san raɗa ba, ko sirri za ta faɗa sai maƙwabta sun ji.

"Kunya? Ke yarinyar nan, an mayar da ke sakara. Wai ya kasa kallon Hambali don ubanki Mato na zaune a bakin fili? Ya kasa gifta shi da takalmi? To ya cire takalmin mana. Ƙarya ce, 'yar Garon nan ce ta shanye shi, ke kuma kin zauna kina haɗiyar tatsuniya."

"Gwaggo, ki yi a hankali..."

"An ƙi a yi a hankalin."

A bayan danga aka ji an ajiye buta. Malam Mato ya gama alwalar magariba, ya fito ya ratsa ta gabansu zuwa masallaci, bai kalli kowa ba. Zaituna ta ji kamar ta nutse.

Washegari Gwaggo ta ɗaure akwatin kayan sa rana da igiya ta ajiye a bakin ƙofa. Baba ya ce a bar shi nan tukuna, bai ƙara ko kalma ba. Haka akwatin ya zauna ana kewaye shi. Hambali ya daina cin abincin kirki, da asuba yake fita gudu hanyar Gude ya dawo ya kwanta yana kallon rufin ɗaki. Da Zaituna ta kai masa koko, cewa ya yi, "Yaya, kada ki fasa aurenki saboda ni. In ban iya ba, ban iya ba." Ta fito da kofin a hannu tana share ido.

Ranar Asabar tun azahar gari ya cika. 'Yan Garo sun zo a motar kaya da ganguna. An ce har Sa'ada ta zo da ƙawayenta cikin anko, sun kama wuri a gindin darbejiya. Gwaggo ta yafa mayafi ta ce sai ta je ta ga yarinyar da idonta.

Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a, da hula, har da turare. Tun Hambali yana buga ƙwallon tsumma bai taɓa fashin wasansa ba, ko ranar da aka yi ruwan da ya cika fili. Hambali ya ɗauko kujerar zai ɗora a ka.

"Ajiye," in ji Baba.

"Baba, za a fara fa."

"Ƙafata ke ciwo. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Hambali ya dubi ƙafar, ya dubi yayarsa, ya fita jiki a sanyaye.

Baba ya shimfiɗa tabarma a soro ya zauna. Zaituna ta kawo masa ruwa, za ta koma ciki ya ce, "Zauna."

Ta zauna daga bakin ƙofa. Ba abin da ke damun ƙafar nan, da ita ya je gona da safe.

Filin ba nisa, ana jin usur. Ihu ya tashi, Baba ya ɗan miƙe zaune, ihun ya mutu. Ya koma ya jingina da bango, yana jan carbi ba tare da leɓensa na motsi ba.

"Wannan gangar Garo ce," ya ce can. "Sun ci mu."

"Za su rama, Baba."

"In sun ba Hambali ƙwallo ta gefen dama. Ba sa ba shi da wuri, matsalarsu ke nan."

Aka daɗe ba a ji komai ba sai hayaniya. Sannan wani ihu ya taso tun daga ƙasa yana hawa, yana hawa, irin wanda ake yi in mutum ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya yana yanke mutane ɗaya bayan ɗaya. Baba ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya kai har bakin ƙofar waje, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Ihun ya fashe.

"Ham-ba-li! Ham-ba-li!"

Ya tsaya a nan hannunsa a jikin ƙyaure. Daga inda yake, taku kaɗan zai yi ya hango filin. Sai ya janye ƙafar, ya dawo ya zauna.

Zaituna ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Bai hana ta ba.

Garo ce ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Rana ta kusa faɗuwa aka yi sallama a waje. Taufiq ne, ya sauya kaya ya sa doguwar riga, ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Ya durƙusa a bakin soro kansa a ƙasa. Zaituna ta zame bayan labule.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar damina da mutanen gida.

"Ya ƙafar, Baba?"

"Da sauƙi. Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

"To?"

"Yana sunkuyar da kai in yana gudu, kuma ƙafar hagunsa sai an yi aiki a kanta. Amma an kayar da shi ya tashi bai nemi faɗa ba. Da aka ci su, shi ya ɗauko ƙwallon daga raga ya kai tsakiya. Takunsa na farko kuwa, tunda nake yawon nan ban ga irinsa ba." Ya gyara durƙuso. "In Baba ya yarda, zan tafi da shi."

"Da ba ka ga hakan ba fa?"

"Da na bar shi, Baba."

Gwaggo da ta shigo a bayansa ta ja tsaki, amma ba mai ƙarfi ba. Ta wuce ciki, Zaituna na jin ta tana kiciniyar kwance igiyar akwatin tana mita, wai ankon 'yan Garo ko kyau babu.

Baba ya ajiye carbinsa.

"Yaushe za su tafi?"

"Bayan Sallah, Baba."

"Bikin ma bayan Sallah muka sa."

"Haka ne, Baba."

Ta tsagar labule Zaituna ta ga mahaifinta ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Furfurar ta fi yadda ta sani yawa. Ya dubi cikin gidan, ya dubi saurayin da ke durƙushe a gabansa.

"Duka biyun za ka kwashe ke nan," ya ce.

Taufiq ya ƙara sunkuyar da kai.

"To. Allah ya sa albarka. Ka riƙe mini su da kyau, su ke nan gare ni."